Zafin Injin Jirgin Ruwa: A Ina Ruwan Ya Tsaya?

A kwatar jiragen ruwa, daga Yawuri da Warra a gaɓar tafkin Kainji zuwa Baga a tafkin Chadi, daga Gaya ta Nijar zuwa Yeji a tafkin Volta, akwai kukan da matuƙa ba su daina yi ba: inji yana zafi. Da an faɗi haka sai bayanai su yi yawa. Wani ya ce ranar bazara ce, wani ya ɗora wa fetur, makaniki ya ce a sayo sabuwar roba, na kusa da shi ya ce a cire tamostat a huta. Kowannensu yana iya yin daidai wata rana, kuma wannan ne ya sa ruɗanin ya daɗe. Mai jirgi yakan kashe kuɗi sau uku a kan cuta ɗaya, domin ana canza kaya kafin a gano inda matsalar take.

Injin da ke zaune cikin kogi bai rasa abin sanyaya shi ba. In ya yi zafi, ɗayan biyu ne: ko ruwan da ya kamata ya ratsa shi ya tsaya a wani wuri, ko kuma injin yana haifar da zafin da ya fi ƙarfin ruwan. Aikin mai bincike shi ne ya raba waɗannan biyu, sannan ya bi sawun ruwan daga inda ya shiga har inda ya fita.

Hanyar ruwa da sunayen sassanta

Yawancin jiragen fasinja da na kamun kifi a waɗannan wurare suna aiki da injin ratayawa, wato wanda ake maƙalawa a katakon bayan jirgi, irin Yamaha mai ƙarfin doki 40 ko 75. Wannan inji ba shi da lagireto, ba shi da fanka irin ta mota. Ruwan kogin da kansa yake zuƙa, ya zagaya da shi, ya mayar.

Ruwan yana shiga ta ƙananan ramuka masu rariya a gefen ƙafar injin, sama kaɗan da farfela. Daga nan ya isa famfon ruwa, wanda ke zaune a kan gidan giya. Zuciyar famfon ita ce impela, wadda aka fi kira roba: wata 'yar ƙafa ce ta roba mai fikafikai, galibi shida, da ke juyawa cikin wani kofin ƙarfe. Sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa farfela ita ce ke juya ta, ta hanyar wani ɗan mitsitsin ƙarfe da makanikai ke kira ki. Famfo yana tura ruwan ta wani siririn bututu zuwa sama, inda zai bi lunguna da aka tanada a jikin silinda da murfinta, wanda ake kira tof. A can ne ruwa ke ɗauke zafin wutar da fetur ke yi.

A bakin mafita akwai tamostat, wata 'yar ƙofa da zafi ke buɗewa sanyi ya rufe. Aikinta ta riƙe ruwa har inji ya ɗumama, sannan ta sake shi. A injunan ratayawa takan buɗe tsakanin digiri 50 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyas, ƙasa sosai da ta mota wadda ke jiran digiri 80 da wani abu. Manyan injuna da dama suna da ƙari: bawul mai sifirin da ke buɗewa idan matsin ruwa ya yi yawa a babban gudu. Ruwan da ya gama aiki yana bin hayaƙi ya fita ta ƙasa, sau da yawa ta tsakiyar farfela. Kaɗan daga cikinsa kuma ana karkatar da shi ta wani ɗan tiyo ya riƙa tsartuwa a gefe, inda matuƙi zai gani. Wannan shi ne fitsarin inji.

Fitsari shaida ne, amma ba ya yanke hukunci

Mafi yawan kurakurai daga nan suke farawa. An saba cewa in inji yana fitsari lafiyarsa ƙalau, in ya daina to roba ta mutu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai tana yaudara ta fuska biyu.

A injuna da yawa ana ɗebo ruwan fitsari ne tun kafin ya kai ga tamostat. Abin da yake shaidawa kawai shi ne famfo yana aiki. Tamostat tana iya maƙalewa a rufe, ko lungunan tof su toshe da laka, fitsari yana ta zuba da ƙarfi alhali silinda tana dahuwa. A ɗaya ɓangaren kuma, ramin fitsarin bai fi kaurin tsinken ashana da yawa ba. Ƙwayar yashi tana toshe shi. Injin da aka jingine a rumfa mako biyu, zanzaro yana iya gina ɗakinsa a bakin ramin ya liƙe shi da laka. Akwai injunan da aka sauke wa ƙafa aka canza musu roba, alhali abin da suke bukata shi ne a zura igiyar fatsa mai kauri a ramin a sosa. Igiyar roba ta fi waya, domin waya tana huda tiyon.

Don haka a duba fitsari, amma a sa hannu a ciki. Bayan inji ya ɗumama, ruwa mai ɗumi ba abin damuwa ba ne. Ruwan da ke ƙona yatsa, ko mai fita tsit-tsit tare da tururi, labari ne daban. A kuma taɓa tof ɗin: injin da ke kan zafinsa na daidai, hannu yana iya jure shi na 'yan daƙiƙoƙi. In an ɗiga ruwa ya yi cuu ya ƙafe, ko fenti ya sauya launi ya fara ɓarewa kusa da fulogi, zafi ya wuce iyaka. Makanikin da ke da ma'aunin zafi na hannu, irin wanda ake haskawa daga nesa, zai iya gwada kowace silinda daban, kuma bambancin da ke tsakaninsu yakan nuna inda toshewar take. Wasu injuna suna da ƙararrawa, suna kuma rage gudu da kansu idan sun yi zafi. Ita ma ƙararrawar tana iya ƙarya idan na'urarta ta lalace, amma ba a yanke mata waya sai an tabbatar da hakan da ma'auni.

Yaushe yake zafi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace rage wahala, kuma ba ta cin ko sisi. Dalilinta yana cikin yadda roba ke aiki. A ƙaramin gudu, fikafikanta suna manne da bangon kofi, suna kamfatar ruwa suna matsa shi sama. A babban gudu sai su lanƙwashe baya, famfo ya koma watsa ruwa da ƙarfin juyi, gudun jirgin kuma yana taimakawa wajen cusa ruwa a ramuka.

Saboda haka injin da ke zafi a silo, ko lokacin da ake lallaɓawa a shiga kwata, amma ya huce da an ba shi wuta, galibi robarsa ta gaji ko kofinta ya cinye. Fikafikan ba sa manne da bango kuma. Bawul ɗin matsi da ya maƙale a buɗe yana iya kawo irin wannan alama, domin ruwa yana zurarewa kafin ya cika lungunan sama.

Wanda ke lafiya a silo amma ya ɗau zafi da an murɗa totur, ruwa yana isa gare shi, sai dai bai kai yawan da ake bukata ba. A nan ana zargin toshewa: rariya ta cushe, lunguna sun ƙuntata, tamostat ba ta buɗewa duka, bawul ya ƙi ɗagawa. Ana kuma zargin iska, idan an rataya injin sama da ƙima, da lodi, da gaskit ɗin tof.

Sai kuma bambanci tsakanin zafin da ya zo farat ɗaya da wanda ya yi ta ƙaruwa cikin makonni. Na farko yawanci leda ce ko ciyawa ta rufe ramuka, ko roba ta tarwatse, ko ki ya karye. Na biyu lalacewa ce ta sannu a hankali, ko datti da ke taruwa.

Daga ƙasa zuwa sama

Bincike yana farawa daga abin da ya fi sauƙi. A kashe inji, a ɗaga ƙafarsa, a duba ramukan shiga. Kogunanmu suna ɗauke da leda, da guntun koma, da ciyawa. Kainuwar nan mai shuɗin fure, wadda ta shigo Najeriya ta Badagry a 1984 daga baya kuma ta bayyana a Kainji, saiwoyinta suna liƙewa a rariya, haka ma kacalla a fadamun Haɗeja da Nguru. Leda tana da wata muguwar ɗabi'a: tsotson famfo ne ke riƙe ta, da an kashe inji sai ta saki ta tafi. Matuƙi ya duba bai ga komai ba, ya tayar, zafi ya sauka. Bai kamata ya ɗauka an rabu lafiya ba, domin roba ta riga ta juya babu ruwa.

Ruwa ne man shafawar roba. In ta juya a bushe, cikin ƙasa da minti ɗaya gogayya takan ƙona bakin fikafikanta. Wannan ya sa al'adar tayar da inji a tudu "don a ji muryarsa" take da tsada, ko da na ɗan lokaci ne. In za a gwada shi a waje, a tsoma ƙafarsa cikin duro har ruwa ya haura famfo.

Babban abokin gabar famfo a kogin Kwara da Binuwai shi ne yashi. Da rani, lokacin da ruwa ya ja baya tsibiran rairayi suka fito, matuƙi yakan tura jirgi ta wuri mara zurfi farfela tana tona ƙasa, famfo yana shan abin da ta tono. Da damina kuma, ruwan da ke sauka Kainji daga ruwan saman yankin yakan zo fari fat da laka, ba kamar ambaliyar hunturu mai tasowa daga tsaunukan Gini ba, wadda ke isowa bayan ta sauke lakarta a hanya. Yashi yana kankare kofi da farantin da ke ƙarƙashin roba, ya bar musu zane. Idan an buɗe famfo, a bi cikin kofin da farce. In farce ya maƙale a zane, sabuwar roba kaɗai ba za ta yi ba, sai an canza kofi da faranti da gaskit tare. Wannan shi ne sirrin ƙorafin "jiya-jiya na canza roba."

Ita robar, a dubi abu uku: ko fikafikan sun lanƙwashe sun ƙi miƙewa bayan an ciro ta, ko gindinsu ya tsattsage, ko zoben ƙarfen tsakiya ya rabu da robar, yana juyawa ita tana tsaye. Na ƙarshen yana ɓoyewa ido, sai an riƙe an murɗa. Idan kuwa fiffike ya ɓalle, to wajibi ne a nemo guntun. A jera abin da aka samu a kan tsumma a ga ko ya cika. Wanda ya ɓata yana cikin bututu ko a bakin tamostat ko a wani lungu, kuma zai ci gaba da tare ruwa komai sabuntar famfon. Wajen mayarwa, ana juya sandar ta hannun agogo yayin da ake danna murfin, a kuma tabbatar bututun ruwa ya shiga mazauninsa lokacin ɗaga ƙafar. Injin da ya daina fitsari nan take bayan gyara, sau da yawa bututun ne ya kauce ko an manta ki.

Kan lokacin canza roba ra'ayi ya rabu. Littattafan masu ƙera injuna suna sa a duba ta duk shekara, a canza bayan sa'o'in aiki 100 zuwa 300 gwargwadon iri. Masu jirgi da yawa suna ganin asara ce a cire abin da bai mutu ba. Amma jirgin haya da ke aiki sa'a biyar a rana yana cinye sa'a 300 cikin wata biyu, cikin ruwa mai yashi kuma. A ganina lissafin shekara bai dace da irin wannan jirgi ba, sa'o'i ya kamata a ƙirga. Haka batun robar kasuwa mai araha: tana iya yin daidai a ido, amma idan robar ta yi tauri ko zobenta bai kamu sosai ba, araha ba ta ado.

Muhawarar tamostat

Babu batun da ya fi wannan raba kan makanikai. Masu cirewa suna da hujja: ƙasarmu ba ta sanyi, tamostat an yi ta ne don ƙasashen ƙanƙara, tana tara datti, kuma in ta maƙale a tsakiyar ruwa ta kashe inji. Suna kuma nuna injunan da suka shekara ba ita suna aiki.

Wani ɓangaren hujjarsu gaskiya ne, tamostat tana maƙalewa. Amma ruwan kogi, ko da bazara, yana ƙasa sosai da zafin da inji ke so ya yi aiki a kai. Injin da ba shi da tamostat yana yini cikin sanyi: fetur ba ya ƙonewa duka, fulogi yana yin baƙi, gawayi yana taruwa a ringi, shan mai yana ƙaruwa. A inji mai bugu huɗu, wato mai ɗakin baƙin mai daban, ɗanyen fetur yana sulalewa ya tsinka baƙin man. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba: tamostat tana tare ruwa ne har ya cika lunguna. In babu ita, a wasu injuna ruwa yakan bi gajeriyar hanya ya fice, silindar sama ta zauna da ƙarancin ruwa. Sai a sami inji mai sanyi a hannu, mai ƙuna a wuri ɗaya.

Gwajinta ba shi da wuya. A ciro ta, a rataya cikin tukunyar ruwa, a ɗora a wuta da ma'aunin zafi a ciki. Adadin da ya kamata ta buɗe a kai galibi an buga shi a jikinta. In ta buɗe a kan lokaci ta kuma rufe da ruwan ya huce, a wanke ta a mayar, laifin ba nata ba ne. In ta ƙi, a sa sabuwa irin ta injin. Cire ta don a lallaɓa a kai gaɓa dabara ce mai kyau. Barin ta a cire har abada rufe alama ne kawai, musamman idan ainihin ciwon raunin famfo ne.

Yayin da murfinta ke buɗe, a leƙa ramin. Idan an ga farin ɓawo irin wanda ke kama cikin butar shayi, ko daskararriyar laka, to sauran lungunan ma haka suke, sai an kwance tof an kankare. Injunan da aka sayo na hannu daga bakin teku sun fi zuwa da wannan, domin gishiri ya riga ya yi musu aiki.

Idan ruwa yana gudu amma zafi bai sauka ba

Nan ne ake komawa ga kashi na biyu, inda injin ke haifar da zafi fiye da ƙima. Lodi shi ne na gaba. Jirgin da aka cika da buhuna da babura da mutane ranar kasuwa, yana hawan ruwa, totur a ƙarshe, inji yana nishi bai kai juyin da aka tsara masa ba: wannan inji yana ƙona fetur mai yawa a juyi kaɗan, zafi kuma yana taruwa a fistan. Farfelar da ta fi ƙarfin injin tana yin wannan ɓarnar ko da lodi bai yi yawa ba.

Sai mai. Inji mai bugu biyu, wanda ake gauraya masa mai da fetur, da yawansu suna son kashi 1 cikin 50, wato rabin lita a tankin lita 25, na man da aka yi don injin ruwa mai alamar TC-W3. Tun da fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a Najeriya a 2023, jarabar rage mai ko zuba baƙin man mota ta ƙaru. Ƙarancin mai yana kawo gogayya, ya kai ga fistan ya kama. Yawansa kuma ba ya sanyaya komai, gawayi kawai yake tarawa. Kafireto mai datti, wanda ke ba silinda ɗaya fetur kaɗan iska da yawa, shi ma yana ƙona fistan alhali fitsari yana zuba lafiya. Fulogin irin wannan silinda yakan fito fari ƙal, a bushe.

Tsayin rataya ma abin dubawa ne, musamman a jiragen katako da kafinta ke yanke bayansu da ido. Faffaɗan farantin da ke saman farfela ya kamata ya yi daidai da ƙasan jirgi ko ya sauka ƙasa da shi kaɗan, kamar santimita biyu. In ya haura, ko lodi ya taru a gaba baya ya ɗaga, ramuka suna shan kumfa.

Gaskit ɗin tof shi ake bari ƙarshe saboda ya fi tsada, kuma yana iya zama sanadi ko sakamako. In ya ƙone, hayaƙi yana kutsawa lungunan ruwa ya kore shi. Alamunsa: fulogi ɗaya ya fito a wanke tas ko da ɗigon ruwa, baƙin mai ya koma launin madara a inji mai bugu huɗu, ko gwajin matsin silinda ya nuna ɗaya ta gaza 'yar'uwarta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100.

Manyan jirage masu injin ciki

Jiragen dakon kaya masu injin dizal a ciki suna da zagaye biyu. Ruwan inji yana kewayawa a rufe kamar na mota, ruwan kogi kuma yana ratsa wani tulu mai siraran bututu ya ɗauke masa zafi ba tare da sun gauraya ba. Ƙa'idar ɗaya ce. A duba ko ruwa yana fita ta salansa. In babu, matsalar tana ɓangaren kogi: famfon shiga a rufe, rariya, tiyo mai shan iska, roba, bakin siraran bututun inda guntayen roba ke taruwa, ko gwiwar salansa da tsatsa ta ƙuntata. In yana fita sosai, a koma ɓangaren ciki: yawan ruwa, fambel, murfin matsi, tamostat. Ba a buɗe murfin matsi inji yana da zafi, ruwan yana iya tsartuwa ya sale fuska.

Abin da zafi ke jawowa

Jikin injin ratayawa alminiyom ne, ba ya jure abin da ƙarfe ke jurewa. Mintuna kaɗan na zafi sun isa su lanƙwasa tof, su ƙona gaskit, su narkar da tiyo da rigar wayoyi. In aka ci gaba, fistan ya kumbura ya kankare bangon silinda, inji ya kama. Gyaran da zai tsaya a kan roba da gaskit ya koma na fistan da ringi da gyaran silinda, ga kwanakin da jirgi zai yi a ɗaure ba ya kawo komai.

Asarar da ta fi wannan ita ce ta tsakiyar ruwa. Jirgin da injinsa ya mutu ba ya juyuwa. Igiyar ruwa tana juya shi ta gefe, iska ta kai shi kan kututturan itatuwan da ke ƙarƙashin tafkunan Kainji da Volta, fasinjoji su firgita su taru gefe guda. Wannan ya sa matuƙi yakan ji tsoron kashe inji ko da ya ga alama, ya ce bari a ƙarasa. Tsoron yana da dalili, amma injin da aka kashe da gangan yana iya sake tashi, wanda ya kama kuwa ba zai tashi ba. Abin da ya dace shi ne a sauke totur nan take, a fitar da giya, a dubi fitsari. In babu ruwa ko akwai tururi, a kashe, a jefa anga ko a kama filafili a daidaita kan jirgi, a ɗaga ƙafa a share ramuka. Kada a kwara wa tof ruwan sanyi, yana iya tsagewa ko ya lanƙwashe. A bar shi ya huce da kansa, a sake tayarwa a silo. In ruwa ya dawo, a lallaɓa zuwa gaɓa mafi kusa da ƙaramin gudu, a buɗe famfo kafin a sake ɗaukar fasinja. In bai dawo ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, a kashe a nemi jirgin da zai ja.